Ko Ka Sani? Saƙon Wayar Salula Ya Fi Yin Tafiyarsa a Cikin Igiya Fiye da Cikin Iska

Hanyar sadarwar kwamfuta, wadda jama'a suka fi kira netwok ko sabis, tsari ne na haɗa na'urori biyu ko fiye domin su riƙa musayar bayanai bisa ƙa'idojin da dukkansu suka yarda da su. Kwamfuta a nan ba ta tsaya ga wadda ake girkewa a kan tebur ba, domin wayar salula da ke aljihun manomi a Fagam, da na'urar POS da ake cire kuɗi da ita a kasuwannin Gwaram da Birnin Kudu, duk kwamfutoci ne, kuma duk ƙa'idoji iri ɗaya suke bi. Masana sun kasa hanyoyin haɗa su gida biyu: akwai haɗi mai igiya, inda bayanai ke bi ta cikin tagulla ko zaren gilashi, akwai kuma haɗi mara igiya, inda suke bi ta siginar rediyo. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, tafiyar da saƙo ke yi a cikin iska 'yar kaɗan ce, daga wayar hannu zuwa ƙarfen sabis mafi kusa, sauran ɗaruruwa ko dubban kilomitan kuwa galibi a cikin igiya yake yin su, a ƙarƙashin ƙasa ko a ƙasan teku.

Ko ta wace hanya saƙo zai bi, ba a aika shi ɗungurungum. Na'ura tana mayar da rubutu ko murya ko hoto zuwa jerin lambobi biyu, sifiri da ɗaya, kowane guda ana kiransa bit, takwas daga cikinsu kuma su ne bayit ɗaya, sannan ta yanka jerin zuwa ƙananan ƙunshe-ƙunshe, waɗanda a mafi yawan hanyoyi kowannensu ba ya wuce bayit 1,500. Saboda haka hoto mai nauyin megabayit 3 yana tafiya ne a matsayin ƙunshi kusan 2,000. Lamarin ya yi kama da ɗan kasuwar da ya sayi riɗi mai yawa ya ɗura shi a buhuna, ya rubuta sunan mai karɓa da lamba a jikin kowane buhu, ya loda su a motoci daban-daban. Wasu za su riga wasu isa, amma mai karɓa zai jera su bisa lambobinsu, idan kuma ɗaya ya ɓace sai ya nemi a sake aiko da shi kaɗai. Ƙa'idojin da suka tsara wannan aiki su ne TCP da IP, waɗanda Vinton Cerf da Robert Kahn suka gabatar da tushensu a 1974, kuma hanyar ARPANET ta Amurka, wadda ta fara aiki a 1969, ta koma amfani da su ranar 1 ga Janairu, 1983. Adireshin IP shi ne lambar da ke nuna inda ƙunshi ya fito da inda ya dosa. Tsohon tsarinsa mai bit 32 yana ɗaukar adireshi kusan biliyan 4.3 ne kawai, shi ya sa aka fito da sabon tsari mai bit 128.

Haɗi mai igiya a cikin gini ɗaya ya dogara ne a kan fasahar Ethernet, wadda Robert Metcalfe ya tsara a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a 1973. Duk wanda ya feɗe rigar igiyar da ake jonawa a bayan kwamfuta zai tarar da siraran wayoyin tagulla guda takwas masu launi daban-daban, an tufke su biyu-biyu. Tufkar ba ado ba ce: kowace waya mai ɗauke da lantarki tana ɗaukar hayaniya daga abin da ke kusa da ita, kamar janareta ko wayar wutar gida, to idan aka tufke biyu sai hayaniyar ta shige su daidai wa daida, na'urar da ke karɓa kuma, da yake bambancin da ke tsakaninsu take aunawa, sai ta watsar da hayaniyar ta riƙe saƙon. Iyakar tsawon irin wannan igiya mita 100 ne, domin sigina tana raunana gwargwadon nisan da ta yi.

Igiyoyin ɗaki ɗaya suna haɗuwa ne a wani akwati mai ramuka da yawa da ake kira suwic, wanda aikinsa shi ne ya haddace na'urar da ke kan kowane rami, ta hanyar lambar shaida mai bit 48 da aka ba kowace na'ura tun daga masana'anta, sannan ya miƙa ƙunshi ga mai shi kawai. Idan kuma ƙunshin zai fita daga ginin zuwa wata hanyar sadarwa, to rauta ce ke karɓarsa, wato na'urar da ke duba adireshin IP ta zaɓa masa hanya. Ɗaliban kudancin Jigawa da suka zauna jarrabawar JAMB, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, sun ga wannan tsari da idonsu ko da ba su san sunansa ba: ɗaruruwan kwamfutoci a jere, kowace da igiyarta, duk suna karɓar tambayoyi daga babbar kwamfuta guda da ake kira uwar garke. An fifita igiya a irin wannan wuri ne saboda kowace na'ura tana da layinta, ba ta jiran kowa, kuma wanda ke wajen ɗakin ba shi da hanyar saurarar abin da ke gudana a ciki.

A haɗi mara igiya kuwa iska ɗaya ce kowa ke amfani da ita, kuma wannan shi ne tushen sauƙinsa da matsalarsa baki ɗaya. An fara gwada aika ƙunshin bayanai ta rediyo a tsakanin na'urori da yawa a Jami'ar Hawayi a 1971, ƙarƙashin jagorancin Norman Abramson, domin haɗa tsibiran da teku ya raba, kuma daga wannan gwaji ne Metcalfe ya samo dabarar raba layi ɗaya ga na'urori da yawa. Ƙa'idar farko ta abin da daga baya aka raɗa wa suna Wi-Fi ta fito a 1997 da gudun megabit 2 a daƙiƙa. Da yake na'urori biyu ba za su iya aikawa a lokaci ɗaya a kan zango ɗaya ba tare da saƙonninsu sun cakuɗe ba, kowace na'ura sai ta saurara ta ji iska shiru kafin ta yi magana, shi ya sa gudun ke raguwa idan masu amfani suka yawaita. Wi-Fi ya fi aiki a zango biyu: na gigahaz 2.4, wanda ya fi nisa da ratsa bango amma ya fi cunkoso, da na gigahaz 5, wanda ya fi sauri amma katanga mai kauri tana saurin kashe masa ƙarfi. Katangar ƙasa tana shanye wani ɓangare na sigina, rufin kwano da ƙyauren ƙarfe kuma suna mayar da ita baya, saboda haka rautar da aka ajiye a ƙuryar ɗaki ko cikin kabad na ƙarfe ba za ta wadatar da tsakar gida ba. Kuma tun da sigina ba ta san iyakar gida ba, dole ne a kulle ta da kalmar sirri mai ƙarfi.

Wayar salula ita ma rediyo ce, sai dai zangonta na da lasisi daga Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, wadda ta yi gwanjon lasisin GSM a Janairun 2001, kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta na shekarar, Globacom ya biyo baya a 2003. An yanka ƙasa zuwa ƙananan yankuna, kowane da ƙarfen sabis ɗinsa, wanda ke raba lokaci da zango a tsakanin wayoyin da ke ƙarƙashinsa. Daga nan ake gane dalilin da ya sa na'urar POS ke jinkiri ranar da kasuwa ta cika alhali wayar tana nuna sabis a cike: ƙarfin sigina daban, yawan masu rabonta daban. Haka nan yanayin ƙasa yana da tasiri, domin a yanki mai duwatsu irin na Birnin Kudu da Gwaram, dutsen da ya shiga tsakanin ƙauye da ƙarfe yana iya tare sigina, har ya zama sai an hau tudu ake samun kira. Ƙarfen kansa yana buƙatar wuta dare da rana, daga janareta ko batura ko hasken rana. An ga girman dogaron da aka yi a kan waɗannan ƙarafa a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, inda kira da aika kuɗi da cinikin POS suka tsaya tare.

Daga ƙarfen sabis ne doguwar tafiya ke farawa. Farantan da ake gani masu kama da ganga a jikin ƙarafan karkara suna harba sigina a miƙe zuwa wani ƙarfen da ke nesa, wanda dole su kasance suna hangen juna, har a kai ga tashar da igiyar faiba ta iso. Faiba zaren gilashi ne wanda kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na milimita ba, bayanai kuma suna gudu a cikinsa a siffar walƙiyar haske, da saurin kilomita kusan 200,000 a daƙiƙa, ba tare da hayaniyar lantarki ta taɓa su ba. Irin waɗannan igiyoyi da aka binne a gefen manyan tituna su ne ke kai saƙo Kano da Abuja da Legas, inda manyan igiyoyin ƙarƙashin teku suka sauka: SAT-3 a farkon shekarun 2000, MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, da Equiano na kamfanin Google a 2022. Ranar 14 ga Maris, 2024, igiyoyi huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a teku daura da gaɓar Kodebuwa, abin da ya jawo tangarɗar intanet da harkokin banki a Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, duk da cewa babu abin da ya sami ƙarafan sabis na cikin ƙasa.

Jigawa ta shiga wannan fage da wuri, domin a farkon shekarun 2000 gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ta kafa kamfanin sadarwa na Galaxy a Dutse da cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure, a zamanin da intanet ɗin garuruwan da ke nesa da teku ya fi zuwa ta tauraron ɗan'adam. Taurarin wancan tsari suna tsaye ne a nisan kilomita 35,786 daga ƙasa, saboda haka tambaya da amsarta sai sun ratsa wannan nisa har sau huɗu, hawa biyu da sauka biyu, abin da ke cin kusan rabin daƙiƙa komai kyawun na'ura. Taurarin Starlink, waɗanda suka fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, suna shawagi ne a kusan kilomita 550, shi ya sa jinkirinsu ya ragu ƙwarai, amma su ma a ƙarshe tashoshin ƙasa suke sauke wa bayanai, waɗanda ke jone da faiba.

Sanin wannan jeri yana da amfani ga makaranta ko asibiti ko ofishi a gari kamar Fagam, domin yana nuna inda ya kamata a kashe kuɗi da inda ya kamata a duba idan sabis ya ɗauke. Na'urar da ba ta motsi, kamar kwamfutocin ɗakin jarrabawa ko na ajiye bayanan marasa lafiya, igiya ta fi dacewa da ita. Wadda ake yawo da ita kuwa Wi-Fi ne nata, a ɗora rautar a sama, a tsakiyar gini, nesa da ƙarfe. Tsakanin gine-ginen da nisansu ya haura mita 100 kuma sai faiba ko farantai masu hangen juna. Gudun kowace hanya ba ya wuce na sashenta mafi rauni, saboda haka sabuwar rauta ba ta maganin ƙarfen sabis da man janaretansa ya ƙare, kamar yadda sabon ƙarfe ba ya maganin igiyar faiba da motar aikin titi ta tsinka.