ALƘALIN KOKOWA A ƘAUYE: AIKI MAI WUYA, BA ALBASHI

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kaka ta yi. An yanke hatsi, an ɗaure dammuna, an kai rumbu. Yanzu da la'asar ta yi sanyi sai ka ji ganga ta tashi a dandali. Daga Tsarnawa zuwa Dogerawa, daga Galmi zuwa Badagishiri da Tajaye, samari sun ɗaura walki. Lokacin kokowa ya zo.

Ɗan kokowa yana da kirari. Makaɗi da maroƙi suna samun kyauta. Amma akwai mutum guda a tsakiyar fili wanda ba mai yi masa kirari. In wasa ya yi kyau, a manta da shi. In wasa ya ɓaci, shi za a zaga. Wannan mutum shi ne alƙali. Yau a kansa za mu yi magana.

ALƘALIN BIRNI DA ALƘALIN ƘAUYE

A shekarar 1975, zamanin shugaba Seyni Kunce, aka fara kokowar ƙasa baki ɗaya a birnin Tawa. Kantu na Maraɗi ne ya ci wannan karo na farko. Ita ce ake kira kokowar takobi. Jihohi 8 na Nijar suke haɗuwa, kowace jiha ta kawo ƴan kokowa 10, watau mutum 80 ke nan.

A can dokoki a rubuce suke. Alƙalin tsakiya yana da usur. Yana da mataimaka a gefe, da masu duban lokaci. Akwai likita, akwai jami'an tsaro. Kuma duk wanda ya shiga filin nan gwani ne, sai da ya kayar da mutane da yawa kafin a zaɓe shi.

Alƙalin ƙauye ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Manomi ne kamar ku. Wataƙila ya yi kokowa da ƙuruciyarsa. Ba a biyansa. Idonsa da muryarsa su ne kayan aikinsa. Kuma mutanen da zai yi wa hukunci gobe da su zai haɗu a bakin rijiya da kasuwa. Abu biyu suka fi ba shi wahala: sabon shiga, da mai horo mai gardama.

SABON SHIGA

Mutane suna tsammani gwanaye biyu sun fi wuyar alƙalanci. Ba haka ba ne. Gwani ya san kamu, ya san faɗuwa. In ya ji an ɗauke shi, ya san yadda zai sauka. Yaron da bai iya ba shi ne abin tsoro, ga kansa da abokin karonsa, har da alƙali.

Sabon shiga ba da mugunta yake ɓarna ba. Tsoro ne da ɗoki. Sai ya murɗe yatsan abokin karo. Sai ya shaƙe wuya. Sai ya kai hannu ido bai sani ba. Wani ya sunkuyar da kai ya taho da gudu kamar rago. In an ɗaga shi sama, sai ya miƙe hannu ƙiƙam don ya tare ƙasa, nan ne hannu yake karyewa. In ya sauka da ka, wuya ne zai taɓu. Wanda wuyansa ya taɓu kuwa, wataƙila ya bar noma ke nan har abada.

To, me alƙali mai hankali yake yi?

Da farko, ba ya haɗa yaro da wanda ya fi ƙarfinsa nesa. Yana duban shekaru da girman jiki. Ko yaron ya nace, ko ƴan garinsu sun zuga shi, alƙali ya ce a'a. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Na biyu, kafin a kama, ya kira yaran biyu tsakiya. Ya duba farce, ya sa a cire zobe da duk abin da zai yanki mutum. Ya duba ko an shafa mai. Sa'an nan ya gaya musu abin da aka hana: duka, cizo, murɗe yatsa, shaƙe wuya, taɓa ido. A hankali zai faɗa, ba da tsawa ba. Yaron da aka kunyata gaban ƴan mata ba ya jin magana, sai dai ya ƙara zafi.

Na uku, ya tsaya kusa, amma a gefe, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Da ya ga kamu ya yi muni, ya raba nan take. Gara a ce alƙali ya yi gaggawa da a ɗauki ɗan mutane a amalanke zuwa likita.

Wannan wahala ba a ƙasarmu kaɗai take ba. A Amurka da Japan da Kuba akwai wani wasa da ake kira besbol. Mutum guda yana jefo ƙwallo mai tauri, na biyu yana neman ya make ta da sanda, na uku yana tsugune a baya don ya cafe in sanda ta kuskure. Alƙali a bayan mai cafewar nan yake tsayawa. In mai cafewa bai iya ba, jikin alƙali ƙwallo take samu. Shi ya sa yake sa abin kariya a fuska da ƙirji da ƙwauri. A dokarsu kuma alƙali yana da ikon korar mai horo daga fili in ya cika gardama.

MAI HORO MAI GARDAMA

Kowane ƙauye yana zuwa da jagoransa. Yawanci tsohon ɗan kokowa ne. Shi ya horar da yaran, shi ya ɗaura musu layu, shi zai koma gida ya yi bayani in an kayar da su. Saboda haka ba ya son faɗuwa. Wani tun kafin a fara yake ihu. Wani ya faɗo cikin fili. Wani ya ce wa alƙali: "Ai ka ci kuɗinsu!"

Ni ma na taɓa riƙe alƙalanci, a wani ƙauye gabas da Malbaza, kuma na yi kuskuren da ba zan manta ba. An sa buhun hatsi da jaka biyar ga wanda ya ci. A karon ƙarshe yaron baƙi ya taɗe yaron gari. Na ga gwiwa da hannu sun taɓa ƙasa. Na ɗaga hannun yaron baƙi. Sai mai horon gari ya taso. Dattijo ne, sa'an mahaifina. Ya ce: "Malam, kai yaro ne. A garin nan sai baya ya taɓa ƙasa ake cewa kaye." Mutane suka goya masa baya. Kunya da tsoro suka kama ni. Na ce a sake.

Aka sake, yaron gari ya yi kaye. Baƙi suka kwashe gangunansu suka tafi, ko ruwa ba su sha ba. Shekara biyu garuruwan nan ba su gayyaci juna wasa ba. Har auren da ake shiryawa tsakaninsu sai da ya ja baya. Dattijon nan yana da laifi, amma nawa ya fi. Ban tara su mun daidaita abin da ake kira kaye tun kafin a fara ba. Kuma na bar hayaniya ta canza abin da idona ya gani.

Daga baya wani tsohon alƙali na wajen Illela ya koya mini dabara. Ya ce in mai horo ya taso da faɗa, kada ka yi faɗa. Ka matso kusa da shi, ka sassauta murya, ka ce: "Baba, na ji ka. Ga abin da na gani." Ka saurare shi sau ɗaya, ka ba shi amsa sau ɗaya, ka juya ka kira karo na gaba. In ya ci gaba, ka tsayar da ganga, ka ce ba za a kama ba sai ya koma wurinsa. Ƴan kallo da suka zo daga nesa su da kansu za su zaunar da shi. Na gwada, ta yi aiki.

ABIN DA YA KAMATA KOWANE GARI YA YI

1. Kafin ganga ta tashi, alƙali da masu horo da wakilin mai gari su zauna. A yarda da abin da ake kira kaye, da abin da aka hana, da tsawon lokacin karo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

2. A rubuta wannan a takarda, a karanta wa jama'a da ƙarfi. Wanda ya koyi karatu da rubutu a cikinku, ga wurin da zai yi amfani.

3. A karon ƙarshe a nemi alƙali daga gari na uku, wanda ba shi da ɗa ko ƙane a cikin fili.

4. A sa dattawa biyu a gefe, su taya alƙali gani. In bai ga faɗuwa sosai ba, ya tambaye su kafin ya ɗaga hannu. In ya ɗaga, magana ta ƙare.

5. Mutum guda kawai daga kowane gari zai yi magana da alƙali. Ba mai shiga fili sai an kira shi.

6. In yaro ya faɗi da ka ya kasa tashi, kada a ja shi, kada a girgiza wuyansa. A kwantar da shi a kan ƙyaure ko katako, kai da wuya a miƙe, a kai shi likita.

Ƴan'uwa, gwanayen da kuke ji a rediyo lokacin kokowar takobi, a irin dandalin nan suka fara. Dā can su ma sababbin shiga ne, wani alƙalin ƙauye ne ya kiyaye wuyansu har suka girma. Saboda haka in alƙalin garinku ya ɗaga hannun baƙo bana, ku yi haƙuri. Ku ba baƙo buhunsa, ku ba shi ruwa ya sha, ku raka shi bakin hanya. Baɗi ku ne za ku je garinsu.