Aikin Nas a Ɗakin Zura Bututu Cikin Zuciya

Tun a ƙarni na 13 malamin ɗibbu Ibnun Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya bayyana cewa zuciya, duk da kasancewarta cike da jini dare da rana, ba daga jinin da ke cikinta take samun abincinta ba, daga wasu ƙananan jijiyoyi ne da suka ratsa namanta. Waɗannan jijiyoyi, da kaurinsu bai fi milimita 3 ko 4 ba, idan kitse ya taru a bangonsu har jini ya daskare ya toshe hanya, ba da daɗewa ba naman zuciya yakan fara mutuwa. Domin buɗe su ba tare da an tsaga ƙirji ba ake keɓe wani ɗaki a manyan asibitoci, inda ake zura siririn bututu ta jijiya har ya isa zuciya.

Tun asalin wannan ilimi akwai hannun nas a ciki. A 1929, a garin Ebaswalde na ƙasar Jamus, wani matashin likita, Werner Forssmann, ya ƙudura niyyar jarraba abin a jikinsa alhali shugabansa ya hana, sai ya nemi taimakon nas Gerda Ditzen mai kula da kayan tiyata. Ta amince bisa sharaɗin a kanta za a gwada. Shi kuwa ya yi mata hikima, ya ɗaure ta a gadon aiki, ya zura bututun a nasa hannun, sannan ya kwance ta suka tafi ɗakin hoto aka tabbatar ya kai zuciya. Wannan kasada ta sa ya samu rabo a kyautar Nobel ta 1956. Daga baya, a 1977, Andreas Grüntzig ya fara buɗe toshewar jijiyar zuciya da ɗan balan-balan a birnin Zurik.

Abin da galibin mutane ba su sani ba shi ne majinyaci a farke yake yayin wannan aiki. Wurin shigar bututun kaɗai ake kashewa da allura, a ƙara masa da ɗan maganin kwantar da hankali. To, likita ya tattara hankalinsa kacokan a kan allon hoto, yana bin bututu, yana fesa rini domin jijiya ta bayyana, yana neman inda zai kafa ragar ƙarfen da za ta riƙe hanya a buɗe. Mutumin da ke kwance kuwa, da numfashinsa da tsoronsa, amanar nas ne. Ita ke lura da bugun zuciya da awon jini, ita ke ba da maganin hana daskarewar jini ta rubuta lokacinsa, ita ce kuma za ta sunkuya ta ce, "Baba, yanzu za ka ji ɗumi ya ratsa ka, rini ne, ba komai." Idan ta ga goshinsa ya jiƙe da zufa, ko ya fara hamma a jere, ta san jini na sauka tun kafin na'ura ta yi ƙara. In kuwa bugun ya rikice gaba ɗaya, cikin daƙiƙoƙi ake so ta ɗora masa na'urar girgiza zuciya da lantarki. A ganina wannan farasa, wadda ba a samunta sai da daɗewa a bakin gado, ita ce jigon aikin.

Wahalarsa ba kaɗan ba ce. Saboda hasken hoton da ke ratsa jiki, wajibi ne nas ta yini sanye da rigar dalma mai nauyin kilo 5 ko fiye, da abin kare maƙogwaro, da ɗan ma'aunin da ke ƙidaya hasken da ya taɓa ta. Ciwon baya kuwa ya zama ruwan dare a tsakanin masu wannan aiki. Ga kiran tsakar dare, domin ƙa'idar likitocin zuciya ita ce a buɗe jijiyar da ta toshe cikin minti 90 da isowar majinyaci asibiti.

Saboda haka idan nas ta tsare ka da tambayoyi kafin a shiga, kada ka ɗauka bin diddigi ne. Rinin nan yana iya wahalar da ƙoda, shi ya sa take son sanin lafiyar ƙodarka, da ko kana shan maganin ciwon suga, da ko wani magani ya taɓa yi maka illa. Jiƙo da tsimin da kake sha a gida ma ka faɗa. Mai jin nauyin buɗe al'aura ya kwantar da hankalinsa, gama yanzu an fi shiga ta wuyan hannu, in ma ta gindin cinya ne, ana suturta sauran jiki.

Bayan an zare bututu akwai sauran aiki, domin babbar jijiya aka huda. Wanda aka shiga ta cinyarsa sai an danne wurin kamar minti 15, ya kuma kwanta a miƙe sa'o'i da dama, nas na zagayowa tana taɓa ƙafarsa ta ji ko da ɗumi da bugun jini. Jini yakan zuba ta ciki ba a gani, alamarsa kuwa ciwon baya ko jiri, don haka majinyaci ko mai jinyarsa da ya lura da haka ya kira ta nan take, ko da yanzu ta fita.