Wa Ke Kula da Laburaren da Ke Cikin Waya?

'Yan uwa ɗalibai, idan aka ce laburare, abin da ke faɗo mana a rai shi ne kantoci cike da littattafai da malamin da ke cewa a yi shiru. A jami'a kuwa, wani babban ɓangare na laburaren yanzu yana cikin kwamfuta ne, kuma ofisoshi biyu ke riƙe da shi: laburaren kansa da sashen fasahar sadarwa.

Mu ɗauki kundin digiri. A da, in ɗalibi ya gama bincikensa, sai a ɗaure kundin a ajiye a wani ɗaki, ƙura da gara su yi ta aikinsu. Mai son karantawa sai ya yi tattaki. Yau Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da rumbun intanet mai suna Kubanni, sunan kogin nan da ke ratsa Zariya, inda ake zuba irin waɗannan kundaye. Manhajar da ke ɗauke da shi, DSpace, ita ma da haɗin gwiwa aka haife ta: laburaren jami'ar MIT ta Amurka da kamfanin Hewlett-Packard suka fitar da ita a 2002, kuma kyauta ce.

To, yaya ake raba aikin? Ma'aikacin laburare shi ya san abin da ya cancanci ajiyewa. Shi zai rubuta sunan marubuci daidai, da shekara, da kalmomin da mai nema zai buga. In ya yi sakaci, kundin yana nan amma ya ɓace, kamar akuyar da ta shiga garken wani. Ma'aikacin fasaha kuma shi ke kula da babbar kwamfutar da ke ɗauke da komai: wuta, sanyin ɗaki, tsaro daga masu kutse, da ajiye kwafi na biyu a wani wuri dabam. Wannan na ƙarshen, a ganina, ya fi duk sauran muhimmanci, domin na'ura ba ta sallama kafin ta mutu.

Rigimar tana tasowa ne idan ba sa magana da juna. Jami'a kan biya kuɗi mai tsoka don mujallun bincike na ƙasashen waje, su kuma masu mujallun sukan gane ta ne da lambar adireshin intanet ɗinta. Ranar da sashen fasaha ya sauya wannan lamba bai gaya wa laburare ba, ƙofa ta rufe ke nan. An biya kuɗi, mujallu na nan, amma ɗalibin da ke rubuta kundinsa a daren nan zai yi ta buga maɓalli, ya ɗora wa kamfanin waya laifi.