Illela biyu, farashi biyu: inda kuɗin waya ke zurarewa a Ƙonni, Malbaza da Illela

Wanda ke tsaye a tashar motar Birnin Ƙonni yana da Illela biyu a gabansa. Ta farko tana kudu, cikin jihar Sakkwato ta Najeriya, tafiyar 'yan kilomitoci ce, ɗan kabu-kabu zai kai mutum ya komo da shi kafin a gama dafa shayi na biyu. Ta biyu tana arewa, cikin ƙasar Adar, fiye da kilomita 70, sai an bi ta Tsarnawa da Badagishiri. Amma da zarar an ɗauki waya, sai lissafi ya juye. Kiran Illelar nesa kira ne na cikin gida. Kiran ta kusa kuwa, wadda ake zuwa cin kasuwarta ran Lahadi a kwana gida, kira ne na ƙasar waje: sai an fara da 00234, kuma da farashin ƙasar waje za a yanke kiredi.

Wannan shi ya bambanta mutanen gundumomin nan uku da mutumin Yamai. Tallar da ake ji a rediyo ta forfe mai arha da bonis mai yawa, an tsara ta ne don wanda abokan hulɗarsa duka suna cikin ƙasa ɗaya. Ɗan kasuwar Ƙonni kuwa, rabin cinikinsa yana ƙetaren iyaka. Mai albasar Galmi yana jiran labarin motarsa daga Abijan ko Akra. A garuruwan Illela da Tajaye da wuya a sami gidan da ba shi da ɗa a wurin biɗa, ko a Kodebuwa, ko a Libiya, ko a Legas. Saboda haka, kafin a duba kamfanin da ya fi yawan kyauta, sai mutum ya fara sanin su wa yake kira, a wace ƙasa suke, kuma daga ina yake kiransu.

Wayar salula ta shigo Nijar a 2001, shekarar da ta shigo Najeriya. Kamfanin da aka sani da Celtel ya zama Zain a 2008, ya zama Airtel a 2010. Telecel ya koma Moov. Orange ya buɗe a 2008, ya sayar da reshensa na Nijar ga Zamani Com a 2019. Sonitel da SahelCom, na gwamnati, an gama su a 2016 aka yi Niger Telecom. Amfaninta ga kasuwa kuwa ba a musunsa: wata masaniyar tattalin arziki 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa inda rezo ya iso, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dillalin da a da sai ya hau mota ya je ya ji kuɗin buhun gero, yanzu daga rumfarsa yake ji.

Sai dai abin da ke kawo riba shi ma yana ci. Mai saka kiredin dala 40 kowace safiya, wato sefa 200, gani yake bai kashe komai ba. A wata ya kashe jika 6, a shekara jika 72. Mafi ƙarancin albashin da doka ta yanke tun watan Janairun 2024 jika 42 ne, ke nan kiredin shekara na wannan bawan Allah ya kusa albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci. Ga shi kuma akasarin masu waya a bakin iyaka layi biyu ko uku suke ciyarwa.

Lambobin farko

Ƙofar asara ta farko tana cikin gida. Kira daga layin kamfani zuwa layin ɗan'uwansa yana bin hanya guda. Idan kuwa ya ƙetara zuwa wani kamfani, wanda aka kira daga wurinsa sai ya biya wanda ya karɓa, shi ya sa forfe da yawa ke ba da mintoci masu yawa a cikin gida, kaɗan a waje. Mai saye ya ga minti 60 a rubuce, ya yi murna, ya kira mai kawo masa kaya, bayan 'yan mintoci a ce kuɗinsa ya ƙare, alhali mintocin suna nan kwance, ba su shiga layin da ya kira ne kawai.

Gane layi ba wuya. Lambobin Nijar takwas ne, biyun farko su ke faɗin kamfani. Daga cikin tsofaffin lambobi, masu farawa da 96, 97, 98 da 99 na Airtel ne, 94 da 95 na Moov, 90, 91 da 92 na layukan da Orange ya bar wa Zamani, 93 kuwa gadon SahelCom ne. Duk wanda ya buɗe jerin kiran da ya yi cikin mako guda, ya ƙirga mutum goma da ya fi kira, ya duba farkon lambobinsu, to ya riga ya san layin da ya kamata ya zama babba a aljihunsa. Idan goman nan a warwatse suke, sai ya nemi forfen da aka rubuta masa "tous réseaux", ko da mintocinsa sun fi kaɗan. Minti 20 da ke shiga ko'ina sun fi 60 da za su ruɓe.

Rezo ma abin dubawa ne. A bakin babbar hanya, daga Ƙonni zuwa Tsarnawa, Malbaza da Galmi, ba a cika rasa shi ba. Da an sauka daga kwalta aka shiga ƙauyukan da ke tsakanin duwatsun Adar, sai a tarar garin nan layi kaza ne ke kamawa, na gaba kuma wani dabam, wani wurin ma sai an hau tudu. Mushen lakkol ko ma'aikacin lafiya da aka tura sabon wuri, ya tambayi mai shagon cajin waya na garin kafin ya sayi forfen wata. Shi ya fi kowa sanin layin da ke aiki a nan, domin wayoyin gari duka ta hannunsa suke bi.

Eriya ba ta san iyaka ba

Babbar asara dai tana ga iyaka, kuma da yawa ba su san ta inda take shigo musu ba. An saita waya ne ta nemi rezo da kanta. Idan na gida ya yi rauni, ta ji na maƙwabta da ƙarfi, sai ta kama shi ba tare da ta yi shawara da mai ita ba. Mutum na zaune a gonarsa kudu da Ƙonni, ƙafarsa ba ta taka Najeriya ba, amma wayarsa ta ƙetara. Daga wannan lokaci baƙo ne a wurin kamfani: forfen da ya saya galibi ba ya aiki, ana yanka daga tsabar kiredi, a wasu tsare-tsaren ma har karɓar kira sai an biya. Idan intanet a buɗe yake kuwa, kiredin mako kan tafi kafin la'asar.

Maganin yana cikin wayar, kuma kyauta ne. A shiga wurin saiti, a nemi "Sélection du réseau", a ɗauke ta daga "Automatique" a mai da ta "Manuel", a zaɓi kamfanin gida. A kuma kashe "Itinérance des données". Wayar da aka ɗaure haka, idan ta rasa rezon gida sai ta yi shiru, ba ta tsallaka. Mai niyyar tafiya Sakkwato sai ya kwance ta da hannunsa, yana sane da abin da zai biya.

An sha yunƙurin sauƙaƙa wannan lamari. A ƙarshen 2007 Celtel ya shigar da Nijar da Najeriya cikin tsarinsa na One Network, wanda ya ba matafiyi damar karɓar kira kyauta a ƙasashen da kamfanin ke aiki. A 2017 ƙungiyar CEDEAO ta kafa dokar rage kuɗin kira ga matafiya tsakanin ƙasashenta, aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa, har Nijar ta fita daga ƙungiyar a watan Janairun 2025. A watan Nuwamban 2024 hukumomin sadarwa na Nijar, Mali da Burkina Faso suka sa hannu a Yamai kan ɗauke kuɗin yawon waya a tsakaninsu. Alheri ne ga mai zuwa Wagadugu. Sai dai iyakar da ke ƙofar gidan mutumin Ƙonni ta Najeriya ce, ita kuwa ba ta cikin wannan yarjejeniya.

Kiran da ke shigowa daga waje shi ma yana da nasa nauyi. Akwai harajin da gwamnati ta ɗora wa kowane mintin kiran da ya shigo Nijar daga ƙetare, wanda aka soke a kasafin kuɗin 2018 aka maido a na 2019. Ya kasance daga cikin dalilan da suka sa ɗan biɗa a Abijan yakan gaida tsohuwarsa a gurguje, ya kashe waya tun ba ta gama ba shi labarin damina ba.

Layin Najeriya a aljihun ɗan Nijar

'Yan kasuwa ba su jira gwamnatoci ba. Tun tuni suka gane cewa tunda rezon Najeriya na ƙetarowa, to a riƙe layin can don kiran Illela, Sakkwato da Kano, a bar na gida don Tawa, Maraɗi da Yamai. Wayoyi masu layi biyu irin su Tecno da itel sun zo daidai da wannan buƙata. Faɗuwar naira tun daga watan Yunin 2023 ta ƙara wa dabarar armashi, domin jika guda ta koma tana sayen katin naira mai kauri. Ko da hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince da ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, kiran cikin Najeriya da layin Najeriya ya fi kiran 00234 sauƙi nesa ba kusa ba. Lokacin da aka rufe iyaka, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma daga Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024, waɗannan layukan ne suka riƙe zumunci da bashi tsakanin ɓangarorin biyu.

Amma akwai ƙaya. Tun Disamban 2020 Najeriya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, kuma an toshe layuka masu ɗimbin yawa a 2022 da 2024. Wanda ya sayi layin da aka yi wa rajista da sunan wani, ya raba lambar ga abokan ciniki, ya ɗora hulɗar kuɗinsa a kai, ya yi gini ne a filin aro. Ranar da layin ya ɓace ko aka toshe shi, mai sunan kaɗai ke iya karɓo shi. Haka abin yake a gida, inda ake neman takardar shaida kafin a ba da layi. Ban da wannan, a watan Satumban 2021 an katse rezo a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Mai hikima ba ya barin lambar Najeriya ta zama ita kaɗai ce aka san shi da ita.

Sauran ƙananan ɓeraye

Wa'adi na daga cikinsu. Wani forfen yini awa 24 yake yi, wani kuwa da sha biyun dare yake mutuwa, wanda ya saya bayan isha'i ya biya kuɗin yini don awa uku. Ga ma'aikacin gwamnati mai albashi a ƙarshen wata, kuma mai kira kusan daidai kowace rana, forfen wata ya fi, a saya ranar da albashi ya fito tun kuɗin cefane bai haɗiye shi ba. Ɗan kasuwa kuwa kiransa ba daidai yake ba: yana tashi ranar kasuwar Ƙonni ko ta Badagishiri, da lokacin fitar albasa, ya kwanta da damina. Shi na mako ko na yini ya fi yi masa, a manyan ranaku kawai.

Akwai kuma waƙar da mai kira ke ji kafin a ɗauka, da saƙonnin labarin ƙwallo, da wasannin cin kyauta, waɗanda ake shiga da danna maɓalli ɗaya cikin kuskure, su yi ta cizon dala biyar, dala goma, ba a ankara ba. Bashin kiredi ma da ladansa ake biya. Wanda ya ga kuɗinsa na raguwa bai yi kira ba, ya je ofishin kamfani ya ce a duba abin da aka yi masa rajista a cire. Idan bai gamsu ba, hukumar ARCEP, wadda aka kafa a 2018, tana karɓar koken masu waya.

Game da 'yan'uwa na nesa, intanet ya sauya lissafi. Kiran murya ta WhatsApp bai cika cin mega guda a minti ba, kuma bai damu ko wanda ake kira yana Dogerawa ko Tarabulus ba. Saƙon murya, wanda ake ce wa vokal, ya ma fi sauƙi, ga shi ba ya buƙatar iya rubutu, yana kuma jira har rezo ya dawo. Abin da ke cinye mega shi ne bidiyo: kiran ganin fuska, da hotunan biki da wa'azi da barkwanci da ake zubawa a gurup, wayar tana sauke su da kanta cikin dare. A kashe saukewar kai tsaye, forfen da ke ƙarewa ran Talata sai ya kai Juma'a. Iyakarta, dole ɓangarorin biyu su kasance da babbar waya da koneksiyo. Tsohuwar da ke ƙauye da 'yar ƙaramar waya mai tocila, har yanzu sai jikanta ya kai mata tasa, ta faɗi saƙonta, ya aika, ya komo da amsa bayan magariba.