Waya ɗaya, aiki biyu: saƙo bisa layin kuran da batun sunayensa

A Hausar Tasawa da Mayahi, kamar sauran ƙasar Hausa, kalmar waya tana da ma'ana fiye da ɗaya: ƙarfen da aka miƙa bisa turaku, da talho, har da gidan waya. Aro ce daga Ingilishi. Kuran kuwa, wadda ake ji a wannan gefen iyaka tare da wuta da lantarki, daga Faransanci ta fito (courant). Abin da muke son nunawa shi ne, layin da ke kawo wuta yana iya kai saƙo ta hanyoyi biyu daban, kuma waya kaɗai ba ta isa ta bambanta su ba.

Mu ɗauki layi mai kilobolt 132 da ya taso daga Katsina ya shigo Gazawa, kudu da Tasawa, inda NIGELEC ke rarraba wuta zuwa Maraɗi da Damagaram. Idan iskar damina ta kada turke, ko tsawa ta faɗa, dole tashoshin da ke bakin layin su yanke wuta cikin abin da bai kai sakan ɗaya ba, in ba haka ba kayan aiki su ƙone. Sun fi saurin yin haka idan suna jin juna. Wannan bukata, tare da maganar ma'aikata tsakanin tasha da tasha, ita ta sa masu wuta suka nemi hanyar sadarwa ta kansu.

Tsohuwar hanyar, wadda ake amfani da ita tun shekarun 1920, ita ce Faransanci ke kira courants porteurs en ligne. Kuran ɗinmu yana kai da komowa sau 50 a sakan. Sai a ɗora wa wannan waya wata igiyar lantarki mara ƙarfi, mai kaɗawa sau dubu 30 zuwa dubu 500 a sakan, a ɗaura mata murya ko umarni. A ƙofar tasha akwai circuit bouchon, mai barin kuran ya wuce ya tare saƙon, sannan wata na'ura ta janye saƙon zuwa ɗakin masu tsaro. Ga circuit bouchon, matoshi ya wadatar. Porteur ce ke da wuya. In aka ce "kuran mai ɗaukar saƙo", mai karatu zai zaci wutar da ke kunna masa fitila ce ke ɗauke da maganar, alhali wata igiya ce daban. Mun so ɗan dako, amma ɗan dako yana sauke kaya ya ɗauki wani. A nan saƙon manne yake da mai ɗaukarsa har masauki. Don haka muka fi karkata ga igiyar goyo.

Hanya ta biyu ba ta taɓa kuran ko kaɗan. A ƙololuwar manyan turaku akwai wata waya da ba ta kai wuta, aikinta tare tsawa (câble de garde). Cikin cikinta ake cusa zaruruwan gilashi, kowane kaurinsa kamar na gashin kai, wato mikron 125, saƙon yana bi a matsayin haske. Kao da Hockham suka nuna yiwuwar haka a 1966, kamfanin Corning ya samar da zaren da ya dace a 1970. Igiyar goyo ƴan maganganu kaɗan take ɗauka, kuma hayaniyar lantarki tana damun ta. Zaren yana ɗaukar na tasha, ya bar rarar da za a iya ba kamfanonin talho da intanet haya.

Ga fibre optique ana iya cewa zaren gilashi ko zaren haske. Na farko ya faɗi abin da aka yi shi da shi, na biyu abin da ke gudana a ciki. Mun zaɓi zaren haske, saboda a kunnen mutumin Mayahi gilashi madubi ne ko tabarau, abin da ke fashewa, ba abin da ake naɗewa a kan ganga ba.