Hunturu da itacen cikin tukunya: Sanyi ne ke kashe shi ko ƙishirwa?

A Unguwar Boro da Sabon Tasha da sauran unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna, inda gidaje da yawa an malale tsakar gidansu da siminti, tukunya ce ta zama gonar mutane. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa zai tsaya wurin masu sayar da fulawa a bakin titi, ya sayi dashen lemo ko na mangwaro mai aure, ko wani ɗan itacen ado, ya ajiye a ƙofar ɗaki ko ta shago. Da damina komai lafiya lau. Amma da zarar Disamba ta kama, sai bakin ganyen ya fara ƙonewa, ya naɗe, ya zube. Hukuncin da akan yanke nan take shi ne sanyi ya kashe shi.

Wannan hukunci yana buƙatar a sake duba shi, kuma babu waɗanda suka fi cancanta a ɗauki darasi a wurinsu kamar masu renon bonsai, domin su ne suka fi kowa daɗewa suna fama da itace a cikin ƙaramin mazubi.

Bonsai kalmar Japananci ce da ke nufin shuka a cikin kasko. Sana'ar ta samo asali ne daga Sin, mutanen Japan suka ɗauke ta suka ƙawata. Itacen ba wani iri ne na daban ba. Itace ne kamar kowane, sai dai ana datse rassansa da saiwoyinsa a kai a kai, ana lanƙwasa shi da waya, har ya tsufa bai wuce tsawon kamu biyu ko uku ba. Akwai wanda aka fara reno tun 1625, yana gidan iyalan Yamaki a Hiroshima lokacin da aka jefa bam ɗin nukiliya a 1945, ya tsira, kuma a 1976 aka ba Amurka shi kyauta. Yana nan a Washington har yau. Itacen da ya yi kusan shekara 400 a kasko ya ga sanyin da ɗan Kaduna bai taɓa mafarkinsa ba, don haka ba sanyi kawai ke kisa ba. Akwai yadda yake yi.

A ƙasashen da ruwa ke daskarewa, itatuwan yankin sukan shirya tun daga kaka. Suna daina girma, wasu su kaɗe ganye, su tara sukari a jikinsu, su shiga wani irin barci. Rassa da kututture kan jure sanyi mai tsanani a wannan hali. Saiwa ce mai rauni, saboda a daji ƙasa ce bargonta: komai sanyin sama, can ciki da ɗan ɗumi. Itacen kasko ba shi da wannan gata. Ƙasar da yake ciki ba ta fi cikin kwano ba, sanyi kuma yana shigar ta ta kowane gefe har ta zama dunƙulen ƙanƙara. Ruwa idan ya daskare yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, abin da kan fasa kaskon kansa. Ƙanƙarar da ke taruwa a tsakanin ƙwayoyin halittar saiwa kuma tana zuƙe ruwan da ke cikinsu.

Ɓarnar da ta fi ba da mamaki ita ce ta itatuwan da ba su kaɗe ganye. Iska da rana suna ci gaba da jan ruwa ta ganyen, alhali saiwa ba ta iya sha daga daskararriyar ƙasa. Itacen sai ya bushe a tsaye, ruwa na gindinsa amma ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa masu reno ke sauke kaskon ƙasa, su binne shi cikin ganye ko ɓawon itace, ko su kai shi rumfar da iska ba ta shiga. Ba su kai shi ɗaki mai ɗumi, domin hana shi barcin ma illa ce.

A Kaduna ruwa ba ya daskarewa. A Disamba da Janairu sanyin asuba kan tsaya ne a wajen digiri 15 a ma'aunin Salshiyos, wani lokaci ya ɗan sauka ƙasa da haka, da rana kuma zafi ya kai digiri 30 ko ya haura. Jos ta fi mu sanyi nesa ba kusa ba, kuma sai an je irin tsaunukan Azbin a Jamhuriyar Nijar kafin a ga raɓa ta daskare. Itatuwan ƙasashe masu zafi sukan fara jin jiki ne idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 ya kuma daɗe, abin da ba kasafai ake gani a nan ba.

Abin da muke da shi shi ne busasshiyar iska. Tana tasowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take, kuma da tsakar rana danshin da ke cikinta kan gaza kashi 20 cikin 100. Iskar da ke tsattsaga leɓe da dunduniya, ta busar da shanya kafin a juya, ita ce ke jan ruwa daga ganye. Mangwaron da ke dashe a fili bai damu ba. Saiwarsa ta yi nisa, hasali ma a wannan lokaci yake fitar da fure. Ɗan'uwansa na cikin leda ko tukunya kuwa ruwan da aka zuba masa da safe ne kaɗai jarinsa. Mutuwar tasa iri ɗaya ce da ta itacen Japan, wato ƙishirwa, hanyar ce kawai ta bambanta.

Mu ma muna taimaka wa iskar. Ganin gari ya yi sanyi, mutum ba ya jin ƙishirwa, sai ya ɗauka shukar ma haka take, ya rage ban-ruwa, musamman inda sai an saya wurin 'yan ga-ruwa. Wani kuma da ya ga ganye ya ɗashe sai ya barbaɗa takin zamani a busasshiyar ƙasa, gishirin takin ya ƙarasa ƙone saiwar. Abin da ya fi shi ne a tura yatsa cikin ƙasar kowace safiya. Idan ta bushe, a zuba ruwa har ya ɗigo ta ƙasan tukunya. A matsar da ita bayan katangar da ke tare iskar, a haɗa tukwanen wuri ɗaya, a rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa. Ƙurar da ke kwanciya a kan ganye tana tare haske, don haka a riƙa wanke ta lokaci-lokaci. A tuna kuma tukunyar ƙasa tana tsatso, ta fi ta roba saurin bushewa, baƙar leda kuwa tana ɗaukar zafin rana ta gasa saiwa.

Sai dai ba kowane itace ke son wannan hidima ba, kuma a nan ne masu ƙwazo ke yin asara. Kuka tana kaɗe ganyenta da rani, tana barci irin nata, tana rayuwa da ruwan da ta tara a jiki. Haka ma kariya, mai kumburarren gindi da jan fure, wadda ke fitowa a dazukanmu amma ake sayar da ita da daraja a kasuwannin fulawa na Asiya da Turai. Idan aka ga ɗayansu tsirara a tukunya aka dinga kwarara mata ruwa, ga sanyin dare, saiwar ruɓewa za ta yi. Ruwa kaɗan ya ishe su har sai sun fara toho. Kafin a zubar da itacen da ake zaton ya mutu, a ɗan kankare ɓawonsa da farce. Idan cikin kore ne, yana da rai. Ban da kariya a wannan gwaji, domin ruwan jikinta dafi ne, kuma bai kamata a ajiye ta inda yara ke wasa ba.

Ga mai sha'awar bonsai ɗin kansa, hotunan da ake gani a intanet na iya jan sa ya kashe kuɗi a kan irin itatuwan ƙasashen sanyi. Waɗannan suna buƙatar makonni na sanyin da Kaduna ba ta da shi, kuma idan ba su samu ba a hankali suke ramewa. Cediya da durumi da tsamiya duk suna karɓar datsa, kuma sun san hunturunmu. Cediya da durumi ma reshe kawai ake yanka a kafa ya kama. Datse saiwa da sauya tukunya kuwa a bari sai ruwa ya sauka, wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, lokacin da danshi ya dawo kuma itacen ke da ƙarfin warkar da rauninsa.