Wane Suna Ya Dace Da Lambar Yabon 'Yan Sa-kai?

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda kowa ke da damar dubawa, gyarawa da rabawa. Wikipedia ta Hausa ma haka take: 'yan sa-kai ne ke rubuta ta ba albashi. Matashin da ya ɗauki hoton kasuwar Tambuwal ko ya rubuta tarihin Kebbe da datar wayarsa ya cancanci yabo. To, wane suna za a raɗa wa lambar yabon da za a ba irinsa?

Da farko, sunan ya game kowa. Misali, a 2011 Jimmy Wales, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Wikipedia, ya soma ba da lambar gwarzon Wikipedia na shekara. A 2017 aka faɗaɗa sunan zuwa gwarzon Wikimedia, domin ya haɗa da masu hotuna da masu tattara bayanai. Felix Nartey ɗan Ghana ne ya karɓa a shekarar.

Na biyu, a guji sunan ɗan siyasa mai rai, don siyasa kan raba kan jama'a.

Na uku, a duba tarihin gida. Nana Asma'u (1793–1864) ta kafa 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji ke shiga ƙauyuka suna koyar da mata. Takan ba kowace jaji malfa da jan ƙyalle a matsayin shaidar amana. "Lambar Malfa" ko "Lambar Jaji" za ta dace da masu raba ilimi kyauta.

A ƙarshe, masu aikin su zaɓi sunan da kansu, a bainar jama'a, domin da gumin goshinsu aka gina Wikipedia ta Hausa.